Ulun Anti Juya

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da sana'ar hannu a makarantar 'yan mata, kuma a duk tsawon shekarun nan babu ɗalibar da ta taɓa samun goma bisa goma a hannunta. Wata yarinya ta taɓa samun takwas. Har yau idan aka tuna wa malamar, sai ta ce ranar ba ta da lafiya ne.

Sunan da ta fito da shi daga makarantar shi ne Anti Juya, kuma shi ya bi ta har gida. Duk abin da aka miƙa mata na saƙa ko na ɗinki, ba ta kallon fuskarsa. Juya shi take yi ta dubi baya, inda ake ɓoye ƙulli da bakin zare da sauran abin kunya. Ta juya hulunan jarirai a gaban iyayensu. Ta juya rigar sanyin likitan da ya zo duba hawan jininta, yana sanye da ita. Ta taɓa juya rigar matashin kujera a ofishin shugabar makaranta ana tsakiyar taro, ta yi tsaki, ta mayar.

Ita ma a hannun wata malama ta koya, mai rular katako, wadda ke dukan bayan yatsu idan saƙa ta yi sako-sako. Darasin ya shiga, har ya wuce inda malamar ta nufa. Da allura biyu Anti Juya ke saƙa, don a wurinta kwarashi kayan aikin malalata ne da masu kallon talabijin. Tana jan zare kamar ya yi mata laifi, tana matse kowane ido na saƙar a jikin allura har sai allurar ta yi ƙara. Abin da ke fitowa babu kuskure a cikinsa ko ɗaya: layi a miƙe, ido daidai da ido, baya tsaf kamar fuska. Hularta idan aka ajiye ta a tebur tsayawa take da kanta kamar kwanon da aka kife. Ba ta buɗewa, ba ta ja. Hula ce da ba a taɓa gaya mata cewa kan ɗan Adam yana da kunnuwa ba.

Mijinta tsohon ma'aikacin ofishin safiyo ne, na masu awon filaye, mutum mai son zaman lafiya, har son ya zame masa sana'a ta biyu. Shekarar da suka yi aure ta saƙa masa suwaita. Ya sa ta sau ɗaya, aka taru aka cire masa, tun daga ranar ya ce ta yi kyau da yawa a riƙa sa ta kullum. Tana ƙasan akwati, sabuwa fil.

Da ta yi ritaya sai duniya ta yi mata ƙunci, don babu sauran wanda za ta ba maki. 'Ya'ya sun watse. Autanta ya tafi karatu wata ƙasa mai sanyi ya maƙale a can, kuma da yake bai san abin da ake aika wa uwa irin tasa ba tare da an juya shi ba, sai ya tsaya a kan ulu. Sau biyu a shekara kwali ke isowa. Ulu ne mai taushi kamar cikin kyanwa, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zuba, launukansa kuma babu irinsu a kasuwa.

Da wannan ulu ta shiga ƙungiyar musayar saƙa.

Mata goma sha biyu ne. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata da la'asar sukan haɗu a ɗakin da ke bayan kantin magani na Hajiya Mai Kemis, tsakanin kwalayen ruwan ƙari da fanka mai kukan tsufa. Kowace za ta zo da ƙaramin abu ɗaya da ta yi da hannunta, a shimfiɗa a tebur babu suna, a zuba lambobi a gwangwanin madara a girgiza. Mai lamba ɗaya ita ke fara zaɓe. Ba a ɗaukar na kai. Ta ƙarshe ta ɗauki abin da ya rage ko tana so ko ba ta so. Abin da mace ta ɗauka ya zama nata, ba a tambayarta inda ta kai shi. Dokokin ke nan, sai shayi.

Abin da matan ke kawowa, Anti Juya ba ta da sunan da za ta kira shi. Rigar butar shayi mai rami a inda ba a nemi rami ba. 'Yar tsana mai ƙafa ɗaya doguwa. Takalmin jariri da ƙafar hagu da ta dama ba su taɓa haɗuwa ba. Mafi muni a cikinsu 'Yar Banki ce, wata yarinya mai dogayen farata da ke zama a kantar banki tana ƙirga kuɗin mutane, wadda ta koyi kwarashi a waya, a wurin wata mata da ba a ganin komai nata sai hannu. Duk abin da ya faɗo wa Anti Juya a musaya takan karɓa da yatsu biyu, ta ce ta gode, ta kai gida ta juya, ta ba shi maki a zuciyarta, ta jefa a wani kwali ƙarƙashin gado. Uku bisa goma ya fi yawa.

To me ya zaunar da ita a cikinsu shekara shida? Abu ɗaya ne. Nata ake fara ɗauka.

Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kowane wata. Duk wadda ta zaro lamba ɗaya, kafin ta gama warware takardar hannunta ya kai kan hular Anti Juya ko safarta, sauran su yi ta ƙorafi.

“Kai, wance, kin cika sa'a!”

“Wayyo Anti, taushin nan! Ku taɓa ku ji.”

Sai a yi ta zagayawa da abin ana goga shi a kumatu. Anti Juya ta lura cewa taushi kawai suke ambata, ba ta taɓa jin wata ta yabi layi ko gefe ba, amma ta yi musu uzuri. Jahili ma yana gane abu mai kyau, bakin faɗa ne ba shi da shi. Takan zauna a miƙe, jaka a cinya, fuska a ɗaure, ciki kuwa fari ƙal. Daga wannan Asabar take samun abin da zai riƙe ta har wata Asabar ɗin. A hanyar gida takan lissafa kawunan da ke yawo a garin nan sanye da aikinta. Ba ta taɓa cin karo da ko ɗaya ba, amma garin babba ne.

Wata Asabar ta zaro lamba tara. Abin da ya rage a tebur ba ya buƙatar dogon tunani, sai ta ɗauki mafi ƙanƙanta don kada ya cinye mata wuri a kwali: jakar waya ta kwarashi, da wata fulawa a gaba mai kama da ƙwan da ya fashe. Ko ba suna ta san aikin 'Yar Banki ne.

Washegari da hantsi ta zauna a baranda, ta sa tabarau, ta juya jakar. Bakin zare na reto har uku, kamar yadda ta zata. Ta kama ɗaya ta ja don ta ga ko an ma ƙulle shi, sai ya biyo hannunta. Ta tsaya.

Zaren ba a miƙe yake ba. A murɗe yake, ƙananan lanƙwasa a jere a jere, kamar gashin da aka tsefe daga ƙananan kitso. Ulun da aka taɓa saƙawa aka warware ne kaɗai ke yin haka. Ta ƙara ja. Shuɗi ne mai ratsin toka, wanda babu shi a kowane shago. Lanƙwasar kuma ƙanana ne ƙwarai, a matse, kowace daidai da 'yar'uwarta. Hannu ɗaya ne a garin nan ke iya karya ulu haka. Hular da ta kai wata uku da suka wuce ce. Kwana goma sha tara ta yi tana saƙa ta.

Ta shiga ɗaki ta jawo kwalin, ta zazzage aikin shekara shida a tabarma. Shekara shida tana duba kayan nan tana neman kuskure, ba ta taɓa duba zaren ba. Sauran matan sun fi 'Yar Banki wayo: sun wanke ulun ya miƙe, sun cakuɗa shi da na kasuwa. Amma yanzu ta san abin da take nema. Ga koren safarta a rigar butar shayi. Ga ruwan madarar rigar jariri a doguwar ƙafar 'yar tsana. Ga ruwan ƙasa, ga ruwan goro. Ta ware guda goma sha huɗu gefe. Waɗannan kuma su ne kawai waɗanda suka dawo hannunta.

Mijin ya leƙo ya gan ta zaune a tsakiyar tarkace.

“Malama, lafiya? Gwanjo za ki buɗe?”

“Malam, tambayarka zan yi, kuma kada ka yi mini irin amsarka.”

“Wace iri ce irin amsata?”

“Ka taɓa ganin wani a titi da hular da na saƙa?”

Ya dubi rufin ɗaki kamar an rubuta amsar a can.

“Ai kin san idona ba kamar da ba.”

“Suwaitarka fa? Me ya hana ka sawa?”

“Tattalinta nake yi.”

“Shekara talatin da takwas?”

“Abu mai kyau ai ba a gaggawa da shi,” in ji shi, ya tuna yana da alƙawari da mai gyaran rediyo.

Ranar Talata ta tafi kantin magani sayen ƙwayar hawan jini, duk da tana da ta wata guda a gida. Hajiya Mai Kemis ta taso da fara'a. Mace ce mai jiki da yawan zobba, wadda ke kiran kowa “'yar'uwa” da murya ɗaya, har mai kawo takardar wuta.

“A'a, Anti da kanta! Ku ba ta kujera.”

“Bar shi, Hajiya, a tsaye nake. Ya jikan naki? Rigar nan da kika ɗauka watan jiya ta yi masa?”

“Ta yi masa? Ai kamar a jikinsa kika saƙa! Uwarsa ta ce ba za a sa masa ba sai za a fita unguwa. Kin san aikinki, Anti, ba na wasan ƙasa ba ne.”

Ƙofar ɗakin baya a buɗe take kaɗan. Ta saman kafaɗar Hajiya, Anti Juya ta hango igiya a jikin taga, an rataye wani ulu ruwan hoda yana ɗiga, an ɗaura masa kwalbar maganin tari a ƙasa don nauyi ya miƙar da shi. Rigar jikan ke nan, tana shan iska.

“Madalla,” in ji Anti Juya. “A gaishe da uwar tasa.”

Ta karɓi ƙwayarta ta fito. A hanya ta yi tunanin abin da kowace mace mai hankali za ta yi: ta sayi ulun kasuwa mai ƙaiƙayi, ta saƙa mafi kyawun hularta da shi, ta ga ko za a ɗauka. Kafin ta kai kwanar gidansu ta watsar. Ba ta taɓa shirya jarrabawar da ta riga ta san sakamakonta ba don kawai ta ji kunya a gaban aji. Ta yi tunanin daina zuwa. Wannan ma ta watsar, don daina zuwa hutu ne gare su. Maganar ta tambayi kanta ko hulunan nata na shiga kai kuwa, wannan ba ta zo mata ba sam. Hula ta yi daidai. Ta auna ta da tef.

Ta buɗe kwalin Auta ta zaɓi mafi kyau a ciki, ja mai duhu, wanda take ajiye da shi shekara biyu tana jin babu wanda ya cancanta. Ta ɗora ido a allura ta saƙa layin farko. Da ta kai ƙarshensa sai ta ɗauki almakashi ta yanke zaren. Ta haɗa sabo ta saƙa layi na biyu, ta yanke. Layi sittin da huɗu, yanka sittin da huɗu. Sannan ta ɗauki allurar ɗinki ta bi bakin zaren nan ɗaya bayan ɗaya, tana cusa kowanne cikin jikin saƙar ta yadda ko ita sai ta lalubo da farce kafin ta gane wurin. Da wata mace ce ta yi wannan aiki, da bayan hular ya zama kamar gemun akuya. Nata ya fito sumul. Kwana ashirin da shida ta yi, kuma tun da take saƙa ba ta taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Har waƙa mijin ya ji tana yi ƙasa-ƙasa, abin da ya sa ya rage zaman gida.

Ranar musaya Hajiya Mai Kemis ce ta zaro lamba ɗaya. Ta yi guɗa, ta suri jar hular, ta goga a kumatu.

“Anti, wannan karon kin kashe mu! Dubi launi!”

“Ki more ta lafiya, Hajiya,” in ji Anti Juya.

Ba ta ga abin da ya faru a ɗakin bayan ba, amma ba ta buƙatar gani. Ta san Hajiya za ta tsinke ɗinkin gefe, ta kama bakin zare ta ja tana shirin naɗe dunƙule, sai zaren ya ƙare a hannunta bai kai kamu biyu ba. Ta ja na gaba, shi ma haka. Sau sittin da huɗu. Abin da za ta samu ba zai saƙa ko kunnen 'yar tsana ba. Ta kuma san labarin zai zaga mata goma sha ɗaya kafin rana ta faɗi, kuma babu wadda za ta iya buɗe baki, don wadda ta ce hula a yanke take sai ta faɗi abin da ya kai ta warware ta.

Asabar ɗin wata mai zuwa ta riga kowa isa. Ta ajiye sabuwar hula a tsakiyar tebur, ruwan zuma, mai sheƙi, ta zauna da jakarta a cinya. Gaisuwar ranar gajera ce. Hajiya Mai Kemis ta manta da “'yar'uwa”.

“Hajiya, ya jar hular?”

“Tana nan lafiya.”

“Ba ta matse ba dai?”

“Ko kaɗan.”

Aka girgiza gwangwani. Mai lamba ɗaya, wata malamar jinya, ta miƙa hannu wajen hular don sabo, ta shafa ta, sannan ta zarce ta ɗauki wani abin riƙe tukunya mai siffar da ba ta da suna. Mai lamba biyu ba ta ko kalli wajen ba. Ta uku ta ɗaga hular ta leƙa ciki ta daɗe tana leƙe, ba ta ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya tsorata ta, ta ajiye. Haka aka yi ta kewaye hular kamar rami a hanya. Anti Juya ta ji kowane hannu da ya wuce a ƙirjinta, shekara shida na zubewa lamba bayan lamba, amma fuskarta ba ta motsa ba. Da nata layin ya zo ta ɗauki wata 'yar tsana da yatsu biyu ta ce ta gode.

Lamba goma sha biyu na hannun 'Yar Banki. Tebur babu komai sai hula.

“To,” in ji yarinyar, tana dariyar da ba ta kai ciki ba, “ni ce mai sa'ar yau. Na gode, Anti.” Ta buɗe jaka za ta tura ta ciki.

“Sa mu gani.”

“Na'am, Anti?”

“Hula ce. A kai ake sawa. Sa mu gani.”

“Wallahi Anti jiya na yi kitso, kuma ga zafi…”

“Ga fanka. Cire ɗankwalin, duk mata ne a nan.”

'Yar Banki ta dubi Hajiya Mai Kemis. Hajiya ta dubi kwalayen ruwan ƙari. Muryar da ta tsayar da aji mai ɗalibai arba'in-arba'in shekara talatin da ɗaya ba ta tsufa ba. Yarinyar ta zame ɗankwali, ta ɗora hular a ka, ta kama gefe da gefe ta ja. Hular ta sauko kaɗan ta tsaya. Ta ƙara ja, farce ɗaya ya ɓalle ya faɗa cikin kofin wata. A ja na uku hular ta shige, ta naɗe kunnuwa biyu ƙasa, ta tattaro fatar goshi ta tara a kan gira, idanun yarinyar suka koma kamar na mai jin barci.

Anti Juya ta dube ta sama da ƙasa.

“Ta yi miki,” in ji Anti Juya.

“Anti, kaina…”

“Kanki ne babba. Bar ta, kada ki taɓa. Ulu mai kyau sai ya saba da mutum. Zuwa mu tashi za ki ji ta zauna.”

Aka kawo shayi. 'Yar Banki ta sha nata hawaye na taruwa a gefen ido, ba ta jin rabin abin da ake faɗa saboda kunnuwa a toshe. Anti Juya, wadda ba ta taɓa wuce kofi ɗaya ba don ta ce shayin Hajiya ruwan wanke kofi ne, ta miƙa a ƙara mata. Ta sha a hankali tana kallon aikinta a kan mutum, layi a miƙe, ido daidai da ido, ba ta ga abin gyara ba.

Da za a tashi Hajiya Mai Kemis ta yi gyaran murya ta tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai sanarwa game da wata mai zuwa.

“Safa zan kawo,” in ji Anti Juya.

Mata goma sha ɗaya suka janye ƙafafunsu ƙarƙashin kujera.